Murfin Da Ya Rasa Kwanonsa

Abokaina na aji shida sun daɗe suna yi mini ba'a a kan wani hali nawa. In an tashi makaranta ranar Alhamis, su sai su nufi filin ƙwallo, ni kuwa in nufi Panteka wajen masu tsofaffin ƙarafa. Har akwai wanda ya tambaye ni a gaban jama'a, wai ko jere za a yi mini ne da nake ta tara farantai kamar amarya. Dariya kawai na yi, domin amsar tana da tsawo, kuma akwai abin kunya a cikinta. Amma tun da bana ce shekarata ta ƙarshe a wannan makaranta, Malamin Hausa kuma ya ce kowa ya rubuto abin da ya sani da gaske, to, 'yan'uwana ɗalibai, ga amsar.

A gidanmu da ke Tudun Wadan Kaduna akwai kakata, mahaifiyar Babanmu, wadda muke kira Iya. Ita kuwa ba ta kirana da sunana, sai dai ta ce Maigida, kamar yadda kakanni suka saba da jikokinsu maza. Iya tana da kwanuka irin na matan da, kwalla da samira da langa da tasoshi, duk a jere cikin wani tsohon kabad mai gilashi. Amma a cikinsu akwai abu biyu da ba ta haɗa su da komai ba, watau wani tire mai hannu biyu da wani kwano mai murfi. Farare ne kamar azurfa, ba su da nauyi ko kaɗan. Jikinsu duk sawun guduma ne ƙanana ƙanana kamar saƙar zuma, an kuma fito da zanen wasu karare masu gaɓa-gaɓa da siraran ganye. Iya ta ce karan dawa ne, don haka take kiran kayan "masu kara". Da na yi wayo na gane gora ce aka zana, na gaya mata. Sai ta dube ni ta ce, "Wanda ya ƙera shi ne ya aiko ka?" Daga ranar ni ma na koma cewa masu kara.

Ga yadda suka zo hannunta. A shekarar 1961 Shugaba Kenedi na Amurka ya kafa wata ƙungiya mai suna Peace Corps, wadda ta riƙa aiko da samari da 'yan mata su yi aikin sa-kai a ƙasashe irin namu, da yawansu kuwa koyarwa suka yi a makarantun sakandare da na horon malamai. Kakana, Allah Ya jiƙansa, shi ne kukun wani malami da matarsa daga cikin irin waɗannan mutane a Zariya. A lokacin Iya tana amarya, ita da matar ba mai jin harshen wata, amma suka shaƙu. Ita ta koya wa Baturiyar tuƙin tuwo, Baturiyar kuma ta koya mata saƙar hular jarirai. Da za su koma gida a 1966, sai matar ta kawo mata tiren nan da kwanon, ta sa Kakana ya yi tafinta, ta ce kayan auren mahaifiyarta ne. Tun daga ranar, kowace Sallah Iya da kanta take tuƙa tuwon shinkafa, ta malmala a kwano mai kara, ta zuba miyar taushe a langa, ta ɗora a tiren, a kai wa wani dattijo aminin Kakana. Ko bayan rasuwar Kakana ba ta fasa ba.

To, ana saura mako biyu Babbar Sallah ta shekarar 2021, ina aji ɗaya, sai son tantabaru ya shiga raina. Duk yaran layinmu suna da su, ni kaɗai ne ba ni da ko ɗaya. Na roƙi Umma ta ce ba ta da kuɗin banza. Ran nan da hantsi Iya ta tafi barka, sai na ji mai gwangwan yana tafe da kurarsa yana kira. Ban san sa'ad da na shiga ɗakin na buɗe kabad ba. Tiren ya yi girma, ba ya ɓoyuwa. Murfin kuma in na haɗa da shi zai yi ƙara. Saboda haka na zare kwanon kaɗai, na mai da murfin kan wata samira yadda ba za a lura ba, na cusa kwanon a riga na fita.

Mutumin ya ciro mayen ƙarfe, irin wanda ake cirewa daga tsohuwar rediyo, ya kanga a jikin kwanon, bai kama ba. Ya ce, "Wannan silba ce." Ya rataya a sikeli, ya miƙo mini naira 300. Ko zanen bai duba ba. Ina tsaye ya sa ƙafa ya taka kwanon ya lotse, don kada ya ci masa wuri a buhu. Gabana ya faɗi, amma kuɗi sun riga sun shiga aljihu. Na haɗa da ɗan abin da na tara, na sayo tantabaru biyu, na ce wa Umma abokina ne ya ba ni kiwo.

Ranar jajibere Iya ta buɗe kabad za ta wanke kayanta, sai salati muka ji. Aka zazzage ɗakin, aka duba ƙarƙashin gado, aka leƙa har cikin rijiya, ni ma ina cikin masu nema. A nan ne abin ya ɓaci. Akwai wani almajiri da ya shekara biyu yana yi mana aiki, yana ɗebo ruwa, yana shara, yana yi wa Iya wanke-wanke, ba a taɓa kama shi da ko allura ba. Amma shi kaɗai ne bare da yake shiga ɗakin. Da ya zo da yamma Baba ya tsare shi a zaure. Yaron nan ya yi ta rantsuwa har hawaye suka zubo masa. Baba ya ce ba zai dake shi ba, ba kuma zai kai ƙara wurin malaminsa ba, amma kada ya sake taka gidan. Ya fita bai ko ɗauki robarsa ta abinci ba. Ina laɓe a bayan ƙyaure ina jin kome, bakina kuwa kamar an ɗinke.

Sallar nan ban san daɗinta ba. An yanka rago, an yi suya, ni naman kamar auduga nake taunawa. Robar yaron tana nan a bakin zaure inda ya bar ta, kullum na wuce sai mun haɗa ido da ita. Aka kai wa aminin Kakana tuwo a samira, ya tambayi ɗan aiken ko lafiya, ina kwanon da ya saba gani shekara da shekaru? A dare na uku na kasa barci, na tashi na tafi ɗakin Iya, na tarar tana jan carbi. Na durƙusa na faɗa mata kome da kome.

Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Maigida, kwano ai ƙarfe ne. Ɗan mutane fa?"

Na zaci bulala ce za ta biyo baya, amma Baba ya zaɓi abin da ya fi bulala zafi. Da gari ya waye ya sa ni a gaba, robar nan a hannuna, har makarantar allon su yaron. A gaban malaminsu da almajirai fiye da talatin ya ce in faɗi abin da na yi da ƙarfi, yadda na baya zai ji. Na faɗa. Sa'an nan shi kansa Baba, da girmansa, ya cire hula ya roƙi yaron gafara. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Baba ya ce ya dawo bakin aikinsa, ya ce to. Amma bai dawo ba, ni kuwa ban ga laifinsa ba.

Daga can muka wuce Panteka, ko Allah zai sa a dace. Wanda bai taɓa shiga wannan kasuwa ba, ba zai gane irin aikin da ake yi a cikinta ba. Muka yi ta tambaya har aka kai mu rumfar wani tsoho mai zubin tukwane, wanda 'yan gwangwan na unguwarmu suke kai wa kaya. Baba ya nuna masa murfin. Tsohon ya juya shi, ya shafa zanen da babban yatsa, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, abin da ya kwana goma sha bakwai a nan ai ya zama tukunya, wataƙila ma tana kan murhu a wani gari." Ya ce da ya ga kwanon da idonsa da bai bari an jefa shi wuta ba, amma kayan a lotse suke zuwa, buhu-buhu.

Muna tsaye aka yi zubi a gabanmu. Suna da akwatin katako mai hawa biyu, su sa tsohuwar tukunya a ciki, su cika da yashi mai laushi da ɗan danshi, su daddanna sosai. Sa'an nan su buɗe a hankali su zare tukunyar, siffarta ta zauna a cikin yashin, su mayar su rufe, su bar 'yar kafa a sama. A gefe kuma wani yaro yana juya ƙafar keke da aka haɗa da fanka tana hura gawayi. A cikin kaskon ƙarfe an zuba gwangwanayen lemo da guntayen waya da fistan na mota da tsofaffin kwanuka, duk sun narke sun zama ruwa fari mai ƙyalli. Aka kwashe dattin da ya taso, aka ɗura ruwan ta kafar nan. Kafin mu gama gaisawa da maƙwabcinsa an fasa yashi, sai ga sabuwar tukunya tana tururi. Na tsaya ina kallo, ina tunanin kayan auren wata tsohuwa a Amurka, da ya ƙetare teku, ya shekara 55 a hannun Iya ba ko kwarzane, ni kuma na gama da shi a hantsi ɗaya.

Da za mu tafi tsohon ya ce, "Samari, zo ka gani." Ya jawo wani buhu daga bayan rumfa. Ashe shi ma yana da abin da yake ɓoyewa. Duk sa'ad da wani abu mai kyawun aiki ya faɗo cikin kayan narkawa, sai ya ware shi, wai hannunsa ba ya iya jefa aikin wani maƙeri a wuta. Ya fito da wani faranti mai faɗi, baƙi ƙirin don datti, gefensa a lanƙwashe, ya ce aikin Bida ne. Baba ya tambayi kuɗinsa, ya juyo ya ce mini ni zan biya. Haka aka yi. Na sayar da tantabarata, ɗaya ke nan, domin muzuru ya riga ya cinye ɗayar, na cika da kuɗin barka da Sallah. Wannan faranti shi ne na farko.

Iya ce ta nuna mini yadda ake wanke shi, da ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi, ba yashi, ba toka, ba soson ƙarfe. Da datti ya fita sai zane ya bayyana: da'ira cikin da'ira, da furanni, da ɗige-ɗige dubbai, kowane ɗigo bugun guduma guda. Bida, babban birnin Nufawa da ke Jihar Neja, ta daɗe da shahara a kan ƙirar tagulla da kuma aikin gilashi na 'yan Masaga. Da alminiyam ya samu, ga araha ga sauƙin bugu, sai maƙeranta suka riƙa yin farantai da kwanuka da butoci da shi, da irin zanen da suke yi wa tagulla. A shekarar 2021 ɗin nan ma hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a sana'ar hannu.

Sai na koma kan tiren Iya, na kifa shi. Ashe akwai hatimi a bayansa da ba wanda ya taɓa kulawa da shi a gidan, an buga Everlast da wata lamba. Kawuna ya ara mini wayarsa muka bincika a intanet. Kamfani ne da aka kafa a birnin Niyok a 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929. Mutane ba su da kuɗin sayen kayan azurfa su kai gudummawar biki, sai aka koma wa bugaggen alminiyam, har ana yi masa kirari da azurfar talaka. Abin ya ba ni dariya, domin mu ma nan kwanon silba muke cewa, alhali kuwa babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Kamfanoni da yawa suka shiga sana'ar, kowanne da furen da aka san shi da shi. Wanda ya yi fice tun da fari shi ne Wendell August, da aka kafa a 1923 a jihar Fensilbaniya. Yadda suke yi shi ne, a sassaƙa zane a jikin dunƙulen baƙin ƙarfe, a ɗora fallen alminiyam a kai, a yi ta bugu da guduma har zanen ya fito a ɗaya fuskar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo aka karkatar da ƙarfen wajen ƙera jiragen sama. Bayan yaƙi kasuwar ta sake tashi, sa'an nan roba da ƙarfen da ba ya tsatsa suka zo suka kashe yayin. Can ma yau a kasuwar tsofaffin kaya ake tsintar su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda Malamin Kimiyya ya gaya mana, cewa akwai zamanin da wannan ƙarfe da muke takawa a bola ya fi ƙarfin talaka. Yana da yawa a cikin ƙasa, musamman a wata irin jar ƙasa da ake haƙowa da yawa a Gini, amma raba shi da ita yana da wuya ƙwarai. A 1884, da Amurkawa suka gama doguwar hasumiyar tunawa da Washinton, ɗan dunƙulen alminiyam da bai kai kilo 3 ba suka ɗora a ƙololuwarta. Sai a 1886 wasu samari biyu, Hol a Amurka da Heru a Faransa, kowa da kansa, suka gano yadda za a tace shi da wutar lantarki, farashinsa ya faɗi warwas. Malam ya ce yana narkewa a digiri 660, shi ya sa gawayi da fankar keke suka ishi mutanen Panteka. Ya ce kuma sake narka tsoho ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 100 na wutar da ake bukata wajen tace sabo. Saboda haka ban ɗauki 'yan gwangwan abokan gaba ba, sana'arsu mai amfani ce. Sai dai sikeli ba ya ganin zane.

Yanzu ina da guda tara, bakwai aikin Bida, ɗaya wani ƙaramin faranti marar hatimi, ɗaya kuma buta ce da ba ta da hannu. Ba na sayen kowane fari. Nakan duba sawun gudumar tukuna. In hannu ne ya buga, za ka ga wani babba wani ƙarami, wani ya hau kan wani, wani wurin ma maƙerin ya gaji ya yi sauri. In inji ne, sawun duk kai ɗaya suke, a jere kamar sojoji a fareti. A nan dole in faɗi gaskiya ko da Iya za ta ji haushi: sawun tirenta sun cika daidaituwa, a ganina da hannun inji a ciki, farantin Bida da na saya da kuɗin tantabara ya fi shi aiki nesa ba kusa ba. Ba kuma na sayen wanda ya yi ƙananan ramuka farare, domin wannan ciwo ne da ba ya warkewa.

Na koyi abin da ke kawo ramukan ne ta hanyar ɓarna. Na taɓa barin miyar kuka a wani kwano ta kwana, da safe na tarar cikinsa ya yi baƙi. Kanwa ce ta yi aikin. Malam ya ce ƙarfen yana da wata siririyar fata da iska take yi masa, ita ke hana shi tsatsa, kanwa da toka kuwa cinye ta suke yi, gishiri kuma in ya daɗe sai ya huda ta. Baƙin yana fita in an tafasa ruwan tsamiya ko na lemun tsami a ciki na ɗan lokaci, a ɗauraye, a goge nan take. Amma tsamin ma ba a barinsa ya kwana, don haka ba na ajiye zoɓo a butar nan.

Da farko na so in rataye su a bango in riƙa kallo. Iya ta ce ba ta san wannan ba, kwanon da ba a ci a cikinsa ba ai gunki ne. Saboda haka duk suna aiki. Da azumi a babban farantin ake jera dabino da ƙosai da kankana. In Baba ya yi baƙi a ƙaramin ake kai goro. Ranar sunan ƙanwata maƙwabta har aro suka zo yi, na bayar, amma sai da na bi na ƙirga da kaina da daddare, Umma tana yi mini dariya.

Dattijon nan aminin Kakana ya rasu a 2023, Allah Ya gafarta masa. Da Sallah ta zagayo muka zaci Iya za ta huta, sai muka ga ta ɗora tukunya kamar kullum. A cikin kayana akwai wani kwanon Bida mai zurfi da bakinsa ya kusa daidai da murfi mai kara. Ta malmala tuwo a ciki, ta rufe da murfin, ta ɗora a tirenta tare da langar miya, ta ce, "Maigida, ɗauki." Na ce ina za a kai? Ta ce in kai wa yaron nan.

Yanzu ya sauke Alƙur'ani, yana koyon ɗinki a wani shago kusa da Kasuwar Barci. Sallah biyar ke nan ina kai masa, ƙarama da babba. Yakan karɓa, ya juye a nasa kwanon, ya wanke namu da kansa ya goge, ya ce in gaishe da Iya. Ba mu taɓa tayar da tsohon zance ba, har yau kuma bai shigo gidanmu ba. Murfin ya fi bakin kwanon faɗi da kamar rabin yatsa, in ina tafiya sai ya riƙa ƙwanƙwasa, dole in danne shi da babban yatsa tun daga ƙofar gida har shagon.